Albarkacin Baki da Tsaron Mutunci: Dokar Intanet a Birnin Kano

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya ɗauko batun haƙƙoƙi guda biyu waɗanda doka ta amince da su duka, amma suke yawan karo da juna tun da wayar hannu ta shiga kowane soro da kowane lungu na birnin Kano: haƙƙin mutum ya faɗi albarkacin bakinsa ba tare da fargabar kamu ba, da haƙƙinsa na a bar masa mutuncinsa, kada a yi masa taron dangi a kafafen sada zumunta. Abin da ake nufi da cin zarafi ta intanet shi ne mutum ɗaya, ko gungun mutane, su tasa wani a gaba da saƙonni, ko hotuna, ko muryoyin da aka naɗa, da nufin tsorata shi, ko tozarta shi, ko tilasta masa yin shiru, kuma galibi akan maimaita abin har ya hana wanda aka nufa sakat. Wannan daban yake da suka, wato bayyana aibin aikin wani ko ra'ayinsa ko da da kakkausan harshe ne, kuma yawancin rikicin da ake yi kan dokokin intanet a Najeriya ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, wani lokaci bisa kuskure, sau da yawa kuma da gangan.

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowane mutum 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar labari da isar da shi a sashe na 39, kamar yadda ya tsare martabar ɗan Adam a sashe na 34, ya kuma tsare sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya a sashe na 37. Sashe na 45 shi ne ya ba da damar taƙaita 'yancin magana saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu mutane, amma da sharaɗin cewa dokar da za ta yi taƙaitawar ta kasance wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin maganar, domin ya ɗora nauyin kawo hujja a wuyan mai son rufe baki, ya sauke shi daga wuyan mai magana.

Kano ba ta jira zuwan intanet ba kafin ta san hukuncin harshe. Kundin laifuffuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960 kuma kotunan majistare suke amfani da shi har yau, ya haramta ɓata suna, da barazana, da zagin da aka yi da nufin tayar da husuma, sai dai ya keɓe maganar da take gaskiya wadda faɗinta maslaha ce ga jama'a, ya kuma keɓe ra'ayin da aka bayyana da kyakkyawar niyya game da yadda ma'aikacin hukuma yake gudanar da aikinsa. A ɗaya ɓangaren akwai kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci da jihar ta kafa a 2000, wanda ya tanadi haddin ƙazafi, wato bulala tamanin ga wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, kamar yadda hukuncin ya zo a Suratun Nur, ga kuma hanin da Suratul Hujurat ta yi ga izgili, da jifa da munanan laƙubba, da bin diddigin asirin mutane, da giba. Duk da wannan tsanani, malamai sun fitar da wuraren da ambaton aibin mutum yake halatta, inda Imam Nawawi ya lissafa guda shida, daga cikinsu akwai kukan wanda aka zalunta a gaban mai ikon share masa hawaye, da gargaɗin jama'a daga wata cuta. A cikin birnin nan ne kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Diya'ul Hukkam a kan haƙƙoƙin da ke wuyan shugabanni. Al'adar malanta ta Kano, ke nan, ta tsananta wajen tsare mutuncin mutum, musamman mace, ba ta kuma taɓa mayar da shugaba abin da ba a tuhuma ba.

Akwai dalili na tarihi da ya sa ya kamata Bakano ya yi ɗari-ɗari da duk dokar da ta haramta zagi ba tare da ta fayyace iyakarsa ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, kotunan alƙalai na En'e sun riƙa ɗaure magoya bayanta da yi musu bulala bisa tuhumar cin mutuncin sarakuna ko yin taro ba izini, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda abin da ta faɗa a bainar jama'a. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4, wadda ta haramta buga labarin da zai jawo wa jami'in gwamnati raini, aka kuma ɗaure 'yan jaridar Guardian guda biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kowannensu. A duka lokutan biyu an kafa hujja da tsare martaba da zaman lafiya, kuma a duka lokutan biyu martabar mai mulki ce aka tsare.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a ƙarshen mulkinsa, an yi ta ne musamman domin yaƙi da damfara da kutse a na'urorin kwamfuta, amma sashenta na 24 ya shiga batun saƙonni. Kashin farko na sashen ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai Naira miliyan 7, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙo mai tsananin muni ko na batsa, ko saƙon da ya san ƙarya ne da nufin ɓata wa wani rai, ko takura masa, ko cin fuskarsa, ko jefa shi cikin damuwa ba gaira ba dalili. Kashi na biyu ya shafi barazanar da za ta sa mutum tsoron kisa ko rauni, wadda hukuncinta ya kai shekara 10, da kuma barazanar tona asiri ko ɓata suna domin karɓar wani abu, wadda hukuncinta ya kai shekara 5. Kashi na biyun bai jawo gardama mai yawa ba, domin barazana abu ne da ake iya nunawa a kuma auna. Matsalar tana kashin farko, saboda ɓacin rai abu ne da ke cikin zuciyar mai ƙara, babu mai iya musanta masa shi, kuma babu wata suka mai amfani da ba za ta ɓata wa wanda aka soka rai ba.

Kotunan cikin gida sun ƙi soke sashen, amma Kotun ƙungiyar ECOWAS da ke Abuja ta yanke hukunci a watan Yuli na 2020, ta sake yanke wani a watan Maris na 2022 a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa sashen ya saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, ta kuma umarci Najeriya ta gyara shi. Kotun Ƙolin Indiya ta riga ta soke makamancinsa a 2015 bisa wannan dalili na rashin fayyace laifi. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan gyaran dokar, inda aka cire batun ɓacin rai da cin fuska, aka bar saƙon batsa da saƙon ƙarya da aka aika domin karya doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. Gyaran ci gaba ne, sai dai watanni kaɗan bayansa, a watan Mayu na 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas suka kai shi Abuja, suka tsare shi fiye da mako guda a ƙarƙashin wannan doka dai, abin da ke nuna cewa sauya lafazin doka ba ya sauya ɗabi'ar masu zartar da ita a rana ɗaya.

A Kano, shari'ar da ta fi fito da matsalar fili ita ce ta watan Nuwamba na 2022, lokacin da wata kotun majistare ta sami matasa biyu masu barkwanci a TikTok da laifin ɓata sunan gwamnan wancan lokaci, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, a wani ɗan gajeren bidiyo, ta yanke musu bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu na kwana talatin. A cikin watan nan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci, Aisha Buhari, aka ɗauke shi zuwa Abuja, aka tsare shi a gidan yarin Suleja, kafin a janye ƙarar a farkon Disamba bayan ƙorafin ɗalibai da ƙungiyoyi. Ana iya cewa maganganun waɗannan matasa ba su da ladabi, kuma wannan shiri ba ya koyar da rashin kunya ga manya. Amma rashin ladabi aiki ne na iyaye da malamai da dattawan unguwa, kuma wanda ya nemi ƙuri'ar jama'a ya karɓi amanar dukiyarsu ya amince tun farko da cewa za a yi maganarsa a kasuwar Kurmi da majalisun ƙofar gida, yanzu kuma a waya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsayar da wannan ƙa'ida tun 1983 a shari'ar Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya soki gwamnan Anambra Jim Nwobodo, inda ta wanke shi ta kuma nuna cewa mai mulkin da yake ganin an yi masa ƙarya yana da hanyar ƙarar neman diyya kamar kowa. Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta bi wannan layi a 2014 a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso, ta ce ɗauri saboda ɓata suna ya zarce kima, alhali Ghana ta soke laifin gaba ɗaya tun 2001.

Kuskure ne babba, duk da haka, a ɗauka cewa da an kwance wa kowa baki matsala ta ƙare, domin waɗanda suka fi shan wuyar intanet a cikin birni ba gwamnoni ba ne. A ɗauki misalin yarinyar da aka sa ranar aurenta, an kawo lefe, 'yan uwa sun zo sun gani, sai tsohon saurayinta da ya ji haushin an ƙi shi ya saki wani hoto da ta taɓa tura masa, ko wanda ya haɗa da kansa a waya, ya biyo shi da murya mai jifanta da abin da ba ta yi ba. Da hantsi saƙon yana zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, da la'asar ya shiga zauren matan unguwa, kafin magariba ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu a kan dakalin ƙofar gida, kowa yana cewa Allah ya kyauta yana kuma tura wa na gaba. A unguwanni irin su Yakasai, da Mandawari, da Koki, inda gidaje suke manne da juna, zuri'a take zaune wuri ɗaya shekaru aru-aru, kuma ake binciken asali da hali kafin a ba da aure, irin wannan saƙo yana iya sa dangin ango su aiko a mayar musu da kayansu, ya hana ƙannenta samun manema, ya hana mahaifinta tsayawa gaisawa bayan an idar da sallah. Magana zarar bunu ce tun can, amma a da tana tsayawa inda ƙafa ta tsaya, yanzu kuwa tana kai wa dangin da ke Jidda da Yamai a cikin daƙiƙa, kuma tana nan ajiye a wayoyi bayan shekaru.

Kano ta ga farkon wannan tun 2007, kafin yaɗuwar Facebook, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya, inda nauyin abin ya faɗa a kanta da kan masana'antar fim, aka dakatar da ɗaukar fina-finai na watanni, Hukumar Tace Fina-finai ta tsananta dokokinta, hankalin jama'a kuma bai tsaya sosai a kan laifin dubban da suka yaɗa shi ba. A 2019 kuma, lokacin da matan Arewa suka fara bayyana cin zarafin da aka yi musu a ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, da yawansu sun sha zagi da barazana, har 'yan sanda suka kama wata marubuciya 'yar fafutuka a Kaduna. Wannan ya nuna wahalar lamarin, domin wanda aka ambata a irin wannan zargi yana da haƙƙin wanke kansa idan ƙarya aka yi masa, ita ma mai zargin tana da haƙƙin kuka, kuma kotu ce wurin rarrabewa, ba ofishin 'yan sanda ba, ba kuma taron masu zagi ba. Ya kuma nuna cewa cin zarafi shi kansa hanya ce ta toshe baki, tunda macen da aka yi wa ca sau ɗaya takan rufe shafinta ta daina magana, ɗaruruwan da suka ga abin da ya same ta kuma su kama bakinsu.

Abin takaici shi ne yadda doka take gudu idan babba ne ya kai ƙara, take kuma jan ƙafa idan wannan yarinya ce. Laifukan da ke cikin dokar 2015 Babbar Kotun Tarayya ce take sauraronsu, shaidar da aka ciro daga waya sai ta cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, mai laifin sau da yawa yana ɓoye a bayan shafin bogi, kamfanin da ke riƙe da bayanansa yana Amurka ko wata ƙasa, iyaye kuma suna tsoron kada zuwa kotu ya ƙara tona abin da suke so a rufe. Ga kuma habaici da gugar zana, waɗanda ba sa kama suna amma duk unguwa ta san da wa ake, kuma na'urorin tace saƙonni na kamfanonin ba sa gane su. Gyaran 2024 ma ya bar giɓi, domin hoton sirri da ba na batsa ba, ko wallafa lambar wayar mace da kwatancen gidansu, ko bibiyarta da zagi kullum ba tare da barazanar kisa ba, ba su shiga lafazin sabon sashen kai tsaye ba.

Saboda haka ma'aunin da wannan shiri yake ganin ya dace shi ne a fara tambayar wa aka nufa da maganar, a kuma tambayi wace cuta ta haifar. Maganar da ta shafi kwangila, ko filaye, ko albashi, ko halin da asibiti yake ciki, tana buƙatar kariya mafi faɗi ko da an yi ta da zafi, ko an yi kuskure a wani ɓangarenta ba da gangan ba, kuma maganinta martani ne da hujja, ko ƙarar neman diyya. Maganar da aka nufi mutum da ita a ƙashin kansa, aka maimaita ta bayan ya nemi a daina, ta shiga sirrin jikinsa ko gidansa, ko ta sa shi tsoron fita, ita ce ta cancanci hannun hukuma cikin gaggawa. Mai riƙe da muƙami ma yana da wannan kariya ta biyu idan aka yi masa barazanar kisa ko aka shiga sirrin iyalinsa, abin da ba shi da shi kawai shi ne haƙƙin a ɗaure wanda ya ba shi haushi. A nan ya wajaba a faɗi wata gaskiya mai ɗaci, cewa wani kaso na zagin da ya cika shafukan Hausa aikin sojojin baka ne da yaran da 'yan siyasa suke saya wa data, don haka mai kukan lalacewar tarbiyya a intanet yakan zama shi ne mai ɗaukar nauyin rabinta.

Tsoron da ake yi wa dokoki masu faɗin baki ba zato ba ne. Majalisar Dattawa ta yi yunƙurin kafa dokar kafafen sada zumunta a 2015 da kuma 2019, duka biyun suka ci tura saboda adawar jama'a, gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, matakin da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. A Jamhuriyar Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna, aka tsare 'yar jarida Samira Sabou da ita a 2020, aka cire hukuncin ɗaurin a 2022 a zamanin Mohamed Bazoum, gwamnatin soja kuma ta dawo da shi a 2024.

Ga wanda abin ya shafa a yau, masana shari'a suna ba da shawarar kada ya goge saƙonnin saboda ɓacin rai, ya ɗauki hotonsu yadda kwanan wata da lambar mai aikowa ko sunan shafinsa za su fito, ya adana wayar da saƙon ya shigo cikinta, ya kai rahoto ga kamfanin manhajar, sannan ya nemi lauya ko ya kai ƙara, kuma kada ya biya mai barazanar tona asiri ko kwabo, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Wanda ya tura ƙazafin da wani ya ƙirƙira shi ma ya yaɗa shi ne a idon doka, kuma cewa haka na gan shi ba ta wanke kowa. Sulhun mai unguwa ko na Hisbah yana da amfani inda aka san mai laifi, da sharaɗin ya ƙunshi janye maganar a zaurukan da aka yaɗa ta, kada ya zama hanyar matsa wa yarinya ta yi haƙuri alhali wanda ya cuce ta yana riƙe da hotonta.

Sauran aikin yana wuyan majalisa da kotuna. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da ikon gyara kundin laifuffukan jihar ta yadda yaɗa hoton sirri ba da yardar mai shi ba, da bibiyar mutum da saƙonni, za su zama laifuka masu suna da iyaka, waɗanda kotun da ke kusa za ta iya saurara, tare da ba alƙali ikon sakaya sunan wadda aka cuta da ba da umarnin a dakatar da yaɗawa tun kafin a kammala shari'a. A ɗaya hannun, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya wajabta gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisanta, don haka alƙalin da aka kawo wa matashi saboda ya soki aikin wani kwamishina yana da hurumin ba da belinsa a zaman farko, ya kuma nemi mai gabatar da ƙara ya nuna masa sashen dokar da aka karya da cutar da maganar ta jawo.